Na mayar da hoton fadama baƙi-da-fari, awakin sun ɓace cikin ciyawa

Dan_Dundaye:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Taimakon masana nake nema. Ranar Asabar da ta wuce na yi sammako na bi hanyar jami'a, na tsaya daf da gadar Kwalkwalawa. Wanda ya san wurin a tsakiyar damina ya san abin da nake nufi: gulbin Rima ya cika ya tumbatsa, fadama ta yi kore shar iya ganinka, gajimare ya yi tsibi-tsibi a sama. A bakin gaɓa ga wani yaro da jajayen awaki guda bakwai suna kiwo. Na ɗauka da wayata, kuma wallahi da kalarsa hoton ya yi kyau.

To ina so in wanke shi babba in rataye a falo, kuma baƙi-da-fari nake sha'awa, irin na da. Da na danna filtar da ke cikin wayar sai komai ya lalace. Awakin nan suka narke cikin ciyawa, sai ka ƙura ido kafin ka gane akwai dabba a wurin. Sama ta koma toka guda, ba ka bambance gajimare da sarari. Na gwada sefiya, wato launin ruwan ƙasa irin na tsofaffin hotuna, sai ya zama kamar an zubar wa hoton da shayi. Laifin wayar ne ko nawa? Kuma tsakanin baƙi-da-fari da sefiya wanne ya fi dacewa da hoton fili irin wannan?

Yar_Mabera:
Wa alaikumus salam. Ɗora mana duka biyun mu gani mana, mai kalar da wanda ya lalace. Likita ba ya ba da magani sai ya ga majinyaci.

Dan_Dundaye:
Ga su nan na ɗora. Na farko shi ne asali.

Bagobiri_Na_Isa:
Kai jama'a! Wannan hoton ne za ka kashe wa kala? Malam, wata takwas muna kallon ƙura da busasshen kara da jan gini. Allah Ya kawo mu damina, ƙasa ta yi kore na ɗan lokaci, kai kuma ka je ka ɗauko koren ka mayar da shi toka. Wannan ai butulci ne. Ka wanke abinka yadda yake.

Malamin_Lissafi:
@Dan_Dundaye ba laifin wayarka ba ne, kuma ba naka ba ne. Lissafi ne ya yi maka haka, bari in nuna maka.

Kowane ɗigo a hoton waya lambobi uku ne: ja nawa, kore nawa, shuɗi nawa, kowanne daga 0 zuwa 255. In za a mayar da shi baƙi-da-fari dole a dunƙule ukun nan su zama lamba ɗaya. Tsohon ƙa'idar da aka gada tun zamanin talabijin ita ce a ɗauki kusan kashi 30 cikin ɗari na ja, 59 na kore, 11 na shuɗi, domin idon ɗan Adam ya fi ganin haske a kore, ya fi raina shuɗi.

Yanzu mu yi misali. A ce jikin akuyarka ja 150 ne, kore 80, shuɗi 50. In ka buga lissafin za ka samu wajen 97. A ce ciyawar kuma ja 70, kore 120, shuɗi 50. Buga ka gani, ita ma 97 za ta ba ka. Ka ga ke nan a ido launinsu ya sha bamban, amma haskensu ɗaya ne. Da aka cire launin babu abin da ya rage da zai raba su. Wannan shi ne ya haɗiye maka awaki.

Maganin shi ne kada ka bar wa waya ta yi maka rabon. Kai za ka ce mata ja ya yi yawa, kore ya ragu. A misalin nan in ka ɗauki jan kawai, akuya 150 ce, ciyawa 70. Nan take za su fito fes.

Bagobiri_Na_Isa:
Malam ya kawo mana allo da alli har cikin waya. To mun gode, amma ni dai ina nan kan bakana.

Dan_Dundaye:
@Malamin_Lissafi Allah Ya ƙara ilimi, yanzu na gane dalili. Amma a ina ake yin wannan rabon? Ni ba ni da kwamfuta.

MaiKyamara_Skt:
Ba sai da kwamfuta ba. Sauke manhajar gyaran hoto ta Snapseed, kyauta ce. Buɗe hoton na asali mai kala, ka shiga kayan aikin baƙi-da-fari. A ƙasa akwai wani ɗan da'ira, in ka taɓa shi zai ba ka filta ja, ruwan lemo, rawaya da kore. Zaɓi ja ka ga abin mamaki. Awakin za su yi haske, ciyawa ta yi duhu, kuma shuɗin sama shi ma zai yi duhu, gajimaren ya fito kamar auduga. Da jifa ɗaya ka kashe matsalolinka biyu. In jan ya yi maka tsanani ka koma ruwan lemo.

In kana son ka riƙe linzamin da kanka, manhajar Lightroom ta waya ta fi. In ka mayar da hoton baƙi-da-fari akwai wurin gauraya, launi takwas kowanne da sandarsa da za ka ja dama ko hagu. Abu ɗaya da ya daɗe yana ruɗa ni: in kana son ka duhunta ciyawa ko ganye, ba sandar kore kaɗai za ka ja ba. Yawancin ganyen da rana ta haska rawaya ya fi yawa a cikinsa. Ka ja kore har ƙarshe ka ga bai motsa sosai ba, ka taɓa rawaya kaɗan ka ga fadama gaba ɗaya ta canza.

Baba_Mai_Hoto:
Salamu alaikum ɗiyana. Jikana ne yas saka ni cikin zauren ga, ina karatu dai ban cika magana ba, amma yau kun taɓo inda ka yi min ƙaiƙayi. Abin ga da kuke kira filta cikin waya, mu can dauri gilashi na, ja ko rawaya, da muka ɗaura ma bakin kyamara kahin mu ɗauka. In ka manta ba ka ɗaura ba, shi ke nan, sama ta hito hwara fat, babu mai gyara maka. Ku yanzu kun samu sauƙi, kuna ɗaukar hoto da kalatai gaba ɗai, sannan ku zauna bisa kujera ku zaɓi gilashin da kuka so bayan an gama.

Mu munka koyi aikin ga cikin ɗaki mai duhu da jan ƙwan lantarki guda. In wani gehe na hoto ya cika duhu, sai ka sa hannunka ka tare hasken da ka sauka bisa takarda na ɗan lokaci. In wani wuri ya cika haske, ka huda kwali ka bar haske shi ƙara zuba nan ɗai. Da hannu muka yin shi, kana ƙirga daƙiƙa da baki. Yaro, in ka gama zaɓen filta kada ka tsaya nan. Ka duba inda kaka son ido shi fara sauka, ka ƙara mai haske kaɗan, gehen hoton ka rage. Hoton da ko'ina haske ɗai na, ido ba shi sanin inda za shi zauna.

Yar_Mabera:
Allah Ya ja da ran Baba. Don Allah ku riƙa yi mana magana, irin wannan ba a samun sa a YouTube.

MaiKyamara_Skt:
Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Abin da kuka faɗa na tare haske da hannu har yau sunansa bai canza ba a Photoshop, har alamar kayan aikin ɗaya hoton hannu ne a dunƙule. A Snapseed kuma akwai burushi da ke yin wannan aikin da yatsa.

Kuma maganar jan gilashi ta tuna min da Ansel Adams, Ba'amurken nan da ya shahara da hotunan duwatsu. A 1927 ya hau ya ɗauki dutsen Half Dome a Yosemite. Ya fara da filta rawaya, sai ya ga ba za ta ba shi abin da zuciyarsa ke gani ba, ya sake ɗauka da ja mai duhu. Sama ta fito kusan baƙa, dutsen ya tsaya kamar zai faɗo maka. Wannan hoton yana cikin waɗanda suka yi masa suna. To abin da ya yi da gilashi shi ne muke yi da yatsa.

Kwamared_Gawon_Nama:
Ni hanya mai sauƙi nake bi. Ina jan Saturation, wato ƙarfin launi, in kai shi sifili, in ƙara kontiras, wato tazarar haske da duhu, shi ke nan. Duk wannan dogon turanci na mene ne?

Malamin_Lissafi:
Kwamared, hanyarka ce ta kai Dan_Dundaye inda yake yanzu. Kashe ƙarfin launi ba ya ba ka zaɓi ko kaɗan. A Photoshop ma in ka yi amfani da umarnin Desaturate, rawaya zalla da shuɗi zalla toka iri ɗaya suke zama, alhali ko yaro ya san rawaya ta fi shuɗi haske. Ƙara kontiras kuma ba zai raba abu biyu da lambarsu ɗaya ba. 97 da 97 ko ka ja su sama ko ƙasa tare za su tafi.

Kwamared_Gawon_Nama:
To na ji. Amma hotunana ba wanda ya taɓa kuka da su.

Bagobiri_Na_Isa:
Saboda ba wanda ke kallon su ne Kwamared 😂

Uwar_Biyu:
Ni gargaɗi zan yi a kan jan filtar nan, tunda kowa na yabon ta. Akwai yaro a hoton. Fatar mutum a ɓangaren ja da ruwan lemo take, ko da baƙi ne wuluk. In ka ja sandar ja har ƙarshe don awaki su fito, za ka ga fuskar yaron ta yi wani fari-fari kamar wanda ya sha man bilicin. Na taɓa yi wa hoton ƙanena haka a gona, da ya gani cewa ya yi in goge. Haka ma hanyar jan ƙasa da ke gefen hagu, za ta yi haske fiye da kima ta janye ido daga awakin. A ja a hankali.

Sannan ka zuƙo hoton ka duba bakin bishiyoyin can na nesa inda suka haɗu da sama. In aka matsa wa shuɗi da yawa wani siririn farin layi yana fitowa ya zagaye ganyen kamar an bi da alli. A waya ba za ka lura ba, sai an wanke babba ya tsone maka ido.

Dan_Dundaye:
Hajiya kin yi gaskiya, yanzu na gwada ja a Snapseed, awakin sun fito ƙwarai, sama ta yi kyau, amma yaron ya yi haske. Na koma ruwan lemo, ya fi daidai. Saura maganar sefiya, ba wanda ya ce komai.

Giginya77:
Sefiya? Bari in ba ku labarin abin da ta ja min, sannan kowa ya yanke hukunci.

Hunturun shekara biyu da suka wuce na ɗauki ayarin raƙuma a hanyar Illela, da sassafe, hazo ya rufe ko'ina. Na sa masa sefiya, na ƙara ɗan yashi-yashi da duhun gefe don ya yi kama da tsohon hoto, na ɗora a shafina. Bayan kamar sati uku wani ɗan uwana ya turo min hoton nan a WhatsApp, an yanke sunana, an rubuta a ƙasa wai fatake ne ke shiga Sakkwato a 1903, shekarar da Turawa suka ci garin. Jama'a na ta Allah Ya jiƙan mazan jiya. Wani har ya ce ya gane kakansa.

Abin dariyar, in ka duba bayan raƙumi na uku ga dogon ƙarfen sabis na waya a tsaye, kuma a jikin raƙumin farko jarka ce ta roba a rataye. Na shiga wani zaure na ce ni na ɗauka, ga na asali mai kala. Wallahi sai da aka ce min ƙarya nake, ina son in ci da gumin mutanen da. Tun ranar na bar sefiya.

Yar_Mabera:
Innalillahi 😂😂 wanda ya gane kakansa shi ya fi ba ni dariya. Amma Giginya ai ba laifin sefiya ba ne, laifin masu yanke suna ne.

Giginya77:
Na sani, amma ni na ba su ƙofa. Mutanenmu da sun ga hoto ruwan ƙasa sun gama yarda tarihi ne.

Malam_Kimiyya:
Bari in sa baki a nan, don akwai abin da mutane ba su sani ba game da sefiya. Sunan daga wata halittar teku ya samo asali, wadda ke fesa tawada mai ruwan ƙasa in ta ji tsoro. Da tawadar masu zane ke amfani. Amma a hoto ba wannan tawadar ake sa wa ba, launin ne kawai ya yi kama.

Hoton baƙi-da-fari na takarda, baƙin da kake gani ƙwayoyin azurfa ne. Azurfa kuwa iska da danshi da hayaƙi suna cin ta a hankali. Sai masu wanki suka gano in aka jiƙa hoton a wani magani ya koɗe, sannan aka tsoma shi a wani mai sinadarin farar wuta, azurfar tana haɗuwa da farar wutar ta zama wani abu da ya fi jure zamani. Launin ruwan ƙasar sakamakon wannan haɗin ne. Wato asali don hoto ya daɗe ake yi, ba don ado kaɗai ba, shi ya sa da yawa daga tsofaffin hotunan da suka kai mu da wannan launin suka zo.

Sefiyar waya kuwa fenti ce kawai. Ba ta ƙara wa hoto kwana ko ɗaya.

Baba_Mai_Hoto:
Malam ya hwaɗi gaskiya. Maganin ga na biyu wari gare shi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ranar da duk munka yi aikin shi, maƙwabcin shagona mai ɗinki sai shi kwashe kekenai shi koma waje. Kuma ba kowa ka biyan kuɗin ba, sai wanda ka son hoton mahaihinai shi daɗe.

Uwar_Biyu:
Ni kuma zan kare sefiya kaɗan. Matsalar ita ce wadda ke zuwa a shirye cikin waya ta cika kauri, shi ya sa Dan_Dundaye ya ga kamar shayi. In za ka yi, fara gyara baƙi-da-farin ya tsaya da ƙafarsa tukuna. Sannan a Lightroom ka shiga wurin da ake rina haske da inuwa daban-daban, ka ba inuwa ɗan launi tsakanin ruwan lemo da rawaya, ƙarfinsa kaɗan ƙwarai, kamar yadda ake sa gishiri a miya. Farin kuma ka bar shi fari. Wanda ya kalla ba zai ce sefiya ce ba, zai dai ji hoton da ɗumi.

Kuma akwai dalilin da ya sa nake yin haka. Na taɓa kai hoton Dam ɗin Goronyo wani shagon wanki a cikin gari, baƙi-da-fari tsantsa. Da na karɓo sai na ga ya yi kore-kore kamar gansakuka. Na koma, mai shagon ya ce haka injinsu ke yi. Gaskiyarsa ne ta wani ɓangaren, domin injin kala da launuka yake haɗa toka, in ya ɗan karkata kaɗan sai ka ga kore ko shunayya. In ka riga ka ba hoton ɗan ɗumi da kanka, karkatar ba ta fitowa sosai. Shawarata, kafin ka biya kuɗin babba ka sa a wanke maka ƙarami ka fita da shi rana ka duba.

Dan_Konni:
Sannunku 'yan uwa, daga ƙetaren iyaka nake bin ku. Ni ina ganin damina ba lokacin baƙi-da-fari ba ne, a nan ina tare da Bagobiri. Lokacinsa hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙasarmu da kanta ta riga ta zubar da kala, sama fara, ƙasa fara, hoton kala ma in ka ɗauka kamar wanda ya koɗe yake fita. To a nan ne baƙi-da-fari ke da magana. Hazo yana jera maka abubuwa sahu-sahu: giginyar da ke kusa baƙa ƙirin, ta bayanta toka mai duhu, ta can nesa kamar hayaƙi. Ka samu kuka da ta zubar da ganye, rassanta kamar jijiyoyi, ko gawo wanda shi kuma da rani yake yin ganye, shanu farare a ƙarƙashinsa. Wannan ba ya buƙatar kala.

Kuskuren da na ga mutane na yi shi ne su ja sandar Dehaze don su kore hazon. In ka kore shi ka kore hoton. Abin da ya rage sai datti-datti a sama.

Bagobiri_Na_Isa:
Yauwa! Allah Ya yi maka albarka ɗan Konni. Ga mai hankali ya zo.

MaiKyamara_Skt:
@Dan_Konni na yarda da maganar hunturu ɗari bisa ɗari, amma ban yarda damina ba ta da rabo ba. Gajimaren Agusta fa? Hadarin da ke tasowa da la'asar ya yi baƙi ƙirin, rana ta ɓullo ta ƙarƙashinsa ta haska gero? Wannan a baƙi-da-fari ya fi tsoratarwa. A hunturu sama ba ta da komai, fanko ce.

Tunda an zo maganar hunturu, masu babbar kyamara ku kiyayi canza lens a waje. Ƙura na shiga ta zauna a kan sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara, kuma baƙi-da-fari ba ya rufa mata asiri. Da ka duhunta sama ka ƙara kontiras za ka ga ɗige-ɗige sun fito kamar ƙuda. Na taɓa kwana ina goge su ɗaya bayan ɗaya a hotunan da na ɗauko a Wurno.

Sabon_Shiga22:
Don Allah tambaya. Kyamarata tana da wurin da ake sa ta ɗauki baƙi-da-fari kai tsaye. Ba gara in yi haka ba in huta?

MaiKyamara_Skt:
In JPEG kake ɗauka, wato fayil ɗin hoto na yau da kullum, a'a. Kyamarar za ta yi nata rabon ta zubar da kalar, ba ka da abin gyarawa daga baya, ka koma zamanin da Baba ya ce in ka manta gilashi shi ke nan. Amma in ka sa ta a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, to ka more: a allo za ka riƙa ganin baƙi-da-fari, wanda ke taimaka maka ka saba da ganin haske da inuwa, fayil ɗin kuma yana riƙe da kalarsa cif. Wasu wayoyin ma suna ɗaukar RAW, sunan fayil ɗin DNG.

Wani amfanin RAW: JPEG matakin haske 256 gare shi a kowane launi. RAW kuwa, gwargwadon kyamara, yana iya samun 4096 ko 16384. In ka matsa wa sama a JPEG za ka ga ta rabu layi-layi kamar matakala maimakon ta sauka sumul.

Malamin_Lissafi:
Ƙari kaɗan. A sensar yawancin kyamarori rabin ɗigon kore suke gani, kwata ja, kwata shuɗi. Tsarin Bayer ake ce masa, sunan injiniyan Kodak da ya ƙirƙiro shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa in ka dogara da ja kaɗai ko shuɗi kaɗai hoton ya fi yin yashi-yashi. Don haka ko ka fi son ja, bar ɗan kore a ciki.

Alhaji_Sparepart:
Akwai Canon mai kyau ta sayarwa da lens biyu, farashi mai sauƙi, mai so ya yi min magana ta inbox.

Admin_Zaure:
Alhaji, ranar Juma'a ce ranar talla. Wannan gargaɗi na biyu ke nan.

Yar_Mabera:
Ni wani abu daban ke raina tun ɗazu. Dan_Dundaye, yaron nan ya san ka ɗauke shi? Za ka rataye ɗan mutane a falonka, ka kuma ɗora shi a nan.

Dan_Dundaye:
Ya sani Hajiya. Na yi masa sallama, na nuna masa a waya, har ya ce in sake ɗauka don wata akuyar ta juya baya. Fuskar ma ba ta fito sosai ba, daga nesa ne. Amma kin tuna min, in na wanke zan yi ƙarami guda in kai masa, kusan kullum yana wurin.

Baba_Mai_Hoto:
To shi ka kai mai mai kala. Yaro ba shi son hoton da awakinai sunka zan toka.

Bagobiri_Na_Isa:
Kun ji ko? Baba ma ya dawo layina.

Baba_Mai_Hoto:
Ban dawo ba ɗana. Na yaro daban, na bango daban.

Uwar_Biyu:
Kafin in manta. In za ka tura wa mai wanki, kada ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya rage girmansa, kuma saman da ka sha wahala a kanta ita za ta fara lalacewa. Tura shi a matsayin document, ko ka je da waya a ɗauka da kebul. Wayarka megafiksel nawa ce?

Dan_Dundaye:
Hoton 4000 ne a 3000.

Malamin_Lissafi:
Megafiksel 12 ke nan, wato ɗigo miliyan 12. A ɗigo 300 kowane inci zai ba ka wajen inci 13 a 10, tsaf ko an sa ido kusa. Tunda bango za shi, kuma ba wanda zai manna hanci a kai, ko ka kai 20 a 15 ba laifi.

Dan_Dundaye:
Jama'a ga abin da na yi, na ɗora. Na koma Lightroom daga ƙarshe. Na ɗaga ja da ruwan lemo kaɗan, na sauke rawaya da kore, na sauke shuɗi amma na tsaya da na ga farin layin da Hajiya Uwar_Biyu ta faɗa ya fara leƙowa. Na duhunta hanyar jan ƙasa da gefen hoton kamar yadda Baba ya ce. Na yi guda biyu, ɗaya baƙi-da-fari tsantsa, ɗaya da ɗan ɗumi a inuwa. Wanne zan wanke?

Giginya77:
Na farko. Kuma ka rubuta shekara a ƙasa, kada a ce awakin Sarkin Musulmi Attahiru ne.

Uwar_Biyu:
Na biyu. Dubi yadda ruwan ya yi taushi a cikinsa.

Dan_Konni:
Ya yi kyau fiye da yadda na zata, na karɓi rabin maganata. Amma ciyawar ta yi duhu da yawa, kamar an ƙone fadamar. Mayar da rawaya baya kaɗan.

Kwamared_Gawon_Nama:
Ni ban ga bambancin na farko da na biyu ba wallahi.

MaiKyamara_Skt:
Kwamared ƙara hasken allonka. @Dan_Dundaye ina tare da ɗan Konni a kan ciyawar. Sannan akuyar da ke can ƙarshen dama rabinta ya fita daga hoton, ko ka yanke ta gaba ɗaya ko ka bar ta, amma yanzu da ta yi haske tana jan ido waje.

Bagobiri_Na_Isa:
Har yanzu na asalin ya fi. In ka wanke mai kalar na yaro, ka yi biyu, ni zan biya kuɗin ɗaya.

Dan_Dundaye:
An gama Bagobiri, amma kai za ka zo Dundaye ka karɓa. Gobe in sha Allahu zan kai a wanke min ƙanana na duka biyun in gani a rana. Akuyar dama kuma na yanke ta, sun koma shida.

Sabon_Shiga22:
Na duba wayata ban ga inda ake sa RAW ɗin ba. Tecno ce. A ina yake?